Mazauna Zauren Disertasiyo

Tun da korona ta rufe makarantun Kamaru a watan Maris na 2020, aka koma ɗaukar darasi ta gidan talabijin na CRTV da waya, malamai ba su sake sakin WhatsApp ba. A Tcholliré, babban garin Mayo-Rey, da zarar jarrabawar Probatoire da Bak sun ƙarato, sai a buɗe zauren WhatsApp na koyon disertasiyo, wato rubutun muhawara, da sharhin adabi, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa ta Orange Money, a jefa shi ciki.

Na farko da za ka gane shi ne Sarkin Tari. Duk takardar da aka turo ya sauke ta, har wayarsa ba ta da wurin hoto ɗaya, amma bai taɓa buɗe ko guda ba. In aka ɗauke wuta, shi ya fi kowa kuka, wai an tsayar masa da karatu.

Sai Mai Gabatarwa Ɗaya. Ko a kan marubuci Mongo Beti aka tambaye shi, ko a kan noman auduga, da "tun ranar da aka halicci duniya" zai fara. Mai gyaran takardu a Garwa ya ga wannan jimlar har ya daina jin haushinta.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Malam I-da-A'a. An koya masa tsarin nan mai hawa uku: ka goyi bayan magana, ka rushe ta, sannan ka sasanta. Abin ya shige shi kamar gishiri a miya. Innarsa ta ce, "Ɗan nan, ka ci tuwon?" Ya ce ta wata fuskar ya ci, ta wata fuskar kuma da sauran magana. Inna dai ba ta jira sasantawa ba, ta ɗauke kwanonta.

Akwai kuma Maƙerin Zance, mai ƙirƙiro magana ya jingina wa Victor Hugo. Mutumin ya rasu tun 1885, ba zai kai ƙara ba.

Shi kansa malamin zauren ba a bar shi a baya ba: saƙon murya mai tsawon huɗuba, rabi bayani, rabi carar zakara, ƙarshensa tunatarwa ga waɗanda ba su biya ba.

Abin da ya haɗa su duka, kowa taƙaitawa yake nema, ba karanta littafi ba. Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta ci kyautar Goncourt ta 'yan sakandare a 2020 da labari a kan auren dole da zaman kishi, abubuwan da kowane ɗalibi a zauren yake gani a unguwarsu. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce ta karanta littafin daga bango zuwa bango. Nan take Sarkin Tari ya rubuto: "Yaya, don Allah taƙaita mana a layi biyar."