Jami'ar da Aka Buɗe a Tashar Jiragen Ruwa

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, sojojin Amurka suka kwararo gida, da yawansu karatu suke so. Tun 1944 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar G.I. Bill, wadda ta ɗora wa gwamnati biya wa tsohon soja kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, ban da na ci da sha. A 1947 kusan rabin waɗanda jami'o'in ƙasar suka ɗauka tsofaffin sojoji ne.

Jami'ar Ilinoi da ke Urbana ta cika ta batse. Da shugabanninta sun so, da sun yi abin da wasu suka ƙware a kai: a liƙa sunaye kaɗan a allo, sauran a ce musu "babu gurbi, sai baɗi." Sai suka waiwayi Shikago, inda wata tashar jiragen ruwa mai suna Navy Pier ta kutsa cikin tafkin Mishigan kusan kilomita guda. Nan sojojin ruwa suka yi horo lokacin yaƙi. Aka yayyanka ta ajujuwa da ɗakunan gwaje-gwaje, a Oktoban 1946 ɗalibai kimanin 4,000 suka fara ɗaukar darasi. Wurin ba abin nuna wa baƙo ba ne, ga iskar tafki mai ratsa ƙashi in hunturu ya kama. Amma malami na gaban allo, ɗalibi na kan kujera, in ya yi shekara biyu ya wuce Urbana ya ƙarasa.

Ba su fara da ƙofar shiga mai tayil da fitilu ba, balle benen majalisar jami'a.

Wucin gadin kam ya ja, har sama da shekara 18, wannan kuwa ba abin yabo ba ne. Sai dai ɗalibai da iyayensu ba su yi shiru ba, magajin gari Richard Daley ya sa baki, a Fabrairun 1965 aka koma mazaunin dindindin, wanda yau ake kira Jami'ar Ilinoi ta Shikago.

Ranka ya daɗe, labarin Amurkawa ne, ba sunan kowa a ciki. Gobe dai in za a shiga ta sabuwar ƙofar jami'ar nan tamu, a ce wa direba ya rage gudu. Akwai yara a hannun hagu suna sauraron lacca ta taga.