Ruwan Sama Mai Ƙarnin Kifi

Ni da hunturun Kano ke hana ni wankan asuba, sai ga ni a Svalbard, tsibiran Norway da ƙanƙara ta rufe kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙasarsu. Daga Longyearbyen babban jirgi ya kwashe mu, can kuma aka zuba mu a kwalekwalen roba mai inji. An jibga mini riguna har hannuna ba ya kaiwa ga hancina. Jagorarmu na riƙe da bindiga saboda farin beyar. Tun nan jikina ya ba ni.

Ta kashe inji kamar mita 200 daga wani bangon ƙanƙara mai shuɗi-shuɗi, ta ce mu yi shiru. Gutsattsarin da ke yawo a ruwa sai ƙas-ƙas suke yi, wai iskar da ta maƙale a ciki shekaru aru-aru ce ke fita. Ina cikin jinjina kai sai tsawa! Gefen bangon ya ɓalle, ya rufta teku. Turawa na tafi, ni ina salati, igiyar ruwa kuma ta zo ta cika mini takalmi.

Washegari muka nufi Alkefjellet a mashigin Hinlopen, dutsen da tsuntsayen teku wajen dubu 120 ke kwana a jikinsa. Ba ruwansu da sheƙa: ƙwai ɗaya tal uwa ke ajiyewa a kan tsuran dutse. Hayaniyarsu ta fi ta Kantin Kwari ana jibi salla. Jagora ta yi wata magana, na ga kowa ya ja hular rigarsa ya sunkuya. Ni kunnuwana na ƙarƙashin hula da rawani, ban ji komai ba. Na ɗaga kai, na ce, "Ikon Allah!"

Ban kai ga rufe baki ba aka aiko mini da saƙo daga sama. Ɗumi gare shi, da ƙarnin kifi.

Na koma jirgi na wanke baki, na zauna jiran magariba in kai kukana ga Allah. Ashe a can rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Afrilu har ƙarshen Agusta.

Wurin ya cancanci gani, ba musu. Amma ɗan'uwa, in ka je gindin dutsen nan, yi tasbihinka a zuci.