Yadda Ake Ƙera Kwalekwale a Tsakar Gida Ba Tare da An Rushe Zaure Ba

Ɗan fanshon da ya je Yauri ɗaurin aure, ya tsaya bakin Kwara ya ga masunta suna sauke giwan ruwa, ba ya komawa gida lafiya. Kafin mako ya zagayo zai sanar da iyalinsa cewa ya gano sana'ar da ta dace da shi, kuma ba zai biya kowa kuɗin jirgi ba tunda yana da guduma da zarto. Irin wannan bawan Allah ba ya jin hani. Abin da ya rage shi ne a ba shi shawara.

Awo na farko ba na jirgi ba ne, na ƙofar zaure ne. Kwalekwalen su na mutum biyu yakan kai mita biyar zuwa shida a tsawo, faɗinsa kuma mita ɗaya ko sama da haka, ga shi ba ya lanƙwasa a kwanar soro. Wanda ya manta da wannan lissafi zai wayi gari da zaɓi biyu: ya kira magina su fasa katanga, ko ya bar wa awaki su samu akurkin cin dusa mafi tsada a unguwa.

Sai katako. Maƙera jirage na bakin kogi sun daɗe da sanin maɗaci da kawo da loko, itatuwan da ke jure jiƙa da bushewa ba su ruɓe da wuri ba. Rimi mara nauyi ne, da shi ake sassaƙa jirgi a wurare da yawa, amma ba ya daɗewa a ruwa. Gwanin namu kuwa idonsa zai kai ga farin falankin da aka cire daga dakin ginin maƙwabci, don ya fi araha. Ya kamata ya sani cewa wannan falanki yana shan ruwa kamar burodi a shayi. Ƙusa ma haka: ta ƙarfe zalla takan yi tsatsa, ta ci katakon da ke kewaye da ita, ta bar rami daidai girmanta. Mai rufin tutiya, wadda kafintoci ke ce wa galbanaiz, ita ce ta aikin.

Idan an jera falankan gindi an kafa haƙarƙari an ɗora na gefe, sai a bi kowace gaɓa a cusa auduga ko tsumma da bakin kurfi, a narka kwalta a shafe. A nan ne uwargida za ta leƙo.

"Maigida, tukunyar da nake dafa wake ce kake narka kwalta a ciki?"

"Hajiya, ki yi haƙuri, kifin farko naki ne."

Wannan alkawari kada ya sa masa rana.

Ranar da aka fara saka jirgin a ruwa zai yi yoyo, kuma kada hankalinsa ya tashi. Busasshen katako sai ya sha ruwa ya kumbura kafin gaɓoɓinsa su matse, shi ya sa masunta ke barin sabon jirgi a jiƙe na 'yan kwanaki. Idan bayan mako yana nan yana tsiyaya, to ba laifin katako ba ne, laifin mai guduma ne.

Duk wannan wasan yara ne, domin a kan ruwan da ke kwance ko ƙofar ɗaki ma tana iyo. Jarrabawar tana tafkin Kainji. Tun da aka kammala madatsar a 1968, Kwara ta bazu ta zama tafki mai tsawon kilomita sama da 100, wani wurin faɗinsa ya haura kilomita 20. Iska tana samun fili ta yi gudu yadda take so, kuma idan hadarin damina ya taso daga gabas, ruwan da yake kamar faranti da azahar yakan koma raƙuma kafin la'asar. Ga kututturan bishiyoyin da ruwa ya shanye suna tsaye a ƙasa, suna jiran gindin jirgin da ba a yi wa kauri ba.

Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi yana da daɗin zama a ruwa mai sanyin hali. Mutum zai iya miƙewa ya jefa birgi bai ji ko motsi ba. Amma da igiya ta zo, sai ya riƙa hawa yana faɗowa da ciki, tim, tim, har haƙoran mai tuƙi su haɗu. Maganinsa a goshi yake: a tsuke shi ya yi tsini, a ɗaga shi sama da sauran jiki, don ya tsaga ruwa maimakon ya mare shi. Bangon gefe kuma kada ya miƙe kamar na akwati. A buɗe shi ta sama kamar bakin ƙwarya, ta yadda in jirgin ya karkata zai ƙara samun faɗin da zai dogara a kai, feshin ruwa kuma ya koma waje. Siririn katako guda da aka kafa a ƙarƙashi daga goshi zuwa baya yana hana jirgi zamewa gefe kamar tire a hannun mai talla.

Akwai lissafin da ko ɗan aji shida zai iya, amma manya ke gudunsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgin da gindinsa ke da mita biyar a tsawo da mita ɗaya a faɗi yakan nutse santimita ɗaya a kan kowane kilo 50 da aka ɗora masa. Buhun masara mai kilo 100 ya ci santimita biyu ke nan, buhu goma sun ci taƙi guda. Wannan taƙin kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa, kuma shi kaɗai ne ke hana igiya shigowa ba sallama. A nan raha ke ƙarewa na ɗan lokaci: a watan Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a jihar Kebbi ya tarwatse da mutane sama da 150 a ciki, kaɗan aka ceto, hukumomi kuma suka ɗora laifin a kan lodin da ya wuce ƙima.

Ruwan da ya riga ya shigo ya fi buhu sharri, domin buhu yana zama inda aka ajiye shi. Yatsa uku na ruwa a kan wancan gindi kilo 250 ne, kuma duk gefen da jirgi ya karkata, can za su ruga gaba ɗaya su taya shi kifewa. Saboda haka babbar na'urar kwalekwale ba Yamaha ba ce, galan ne da aka yanke wa gindi, aka ɗaure shi da igiya don kada ya riga mai shi tserewa. Kwarfa aiki ne na wanda ke tsakiya, kuma ba a jira sai ruwa ya kai idon sawu.

Jarkoki marasa komai ma suna da rana. Mai lita 25 da aka toshe bakinta da kyau tana ɗaukar nauyin kusan kilo 25 a ruwa. A ɗaure huɗu ko shida tamau a ƙarƙashin benci, goshi da baya, jirgi ko ya cika ba zai tafi ƙasa da inji ba. Bencin kansa a saukar da shi ƙasa-ƙasa, kaya masu nauyi a tsakiya, kuma duk surukin da ya miƙe tsaye don ɗaukar hoto a zaunar da shi ba tare da duba shekarunsa ba. Injin da ya fi ƙarfin jirgi yana danne baya, igiyar da ta biyo sawu ta haye ta nan. Rigar iyo kuwa a jiki take aiki. Wadda aka mai da matashin zama ba ta taɓa ceton kowa ba.

In iska ta riske shi a tsakiya, ya rage wuta, ya fuskanci igiya da goshi a ɗan karkace, kada ya kuskura ya ba ta haƙarƙari.

Idan girman kai ya fara kama gwanin namu, a tuna masa da Mungo Park. A 1805, a Sansandin ta ƙasar Mali ta yau, Baturen ya haɗa tsofaffin jirage biyu ya yi guda mai ƙafa 40, ya raɗa masa suna Joliba. Ɗinkin ya riƙe, jirgin ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000, ya wuce Yauri. A duwatsun Bussa ya maƙale, a nan kuma tafiyar ta ƙare a 1806. Hannunsa ya iya haɗa katako, amma bai san ruwan ba, ɗan jagoransa kuma ya riga ya sauka a Yauri. Wurin yanzu yana ƙarƙashin tafkin da ɗan fanshonmu ke shirin ratsawa.

Shi ya sa kafin ya tura jirgi, gara ya sayi goro ya je gaida Sarkin Ruwa. Dattijon zai zaga jirgin sau biyu, ya ƙwanƙwasa gefe da ɗan yatsa, ya kalli gabas.

"Alhaji, kai ka yi wannan da hannunka?"

"Ni na yi, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ka iya iyo?"

Daga nan zai haɗa shi da wani yaro Basarke ɗan shekara goma sha biyu, wanda zai karɓi filafili ya umarce shi ya zauna a tsakiya da galan. Za su yi yini a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Da yamma, a hanyar komawa, Alhaji zai tsaya kasuwar Yauri ya sayi tarwaɗa biyu masu rai, ya roƙi mai kifin kada ta sa su a leda mai tambari.