Janar ɗin Teburin Mai Shayi

Bazazzagi bawana, sannu da yaƙi! An ce tun da ka kalli fim ɗin Gallipoli a wayar yaron shagonka, ka hana kowa sakat a teburin mai shayin Fagge. Wai har cokali kake tsomawa a kofi kana zana ramukan soja a kan tebur, kana tsine wa Turawan Ingila da suka zauna shan shayi a bakin teku ana karkashe samarin Ostireliya. Kai kuma da me a hannunka?

Mu Kanawa tun 1937 aka fara haska mana fim a Rex ta Sabon Gari, don haka gyara zama. Peter Weir ne ya ba da umarnin Gallipoli a 1981, Mel Gibson yana ɗan saurayi. Harin da aka nuna a fim ɗin kam an yi shi, ranar 7 ga Agusta 1915, a wani siririn tudu da ake kira Nek a ƙasar Turkiyya. Igwa ta yi shiru minti bakwai kafin lokaci, Turkawa suka koma bakin bindigoginsu, aka dinga turo musu samari sahu-sahu har sama da 200 suka kwanta dama. Nan fim bai yi ƙarya ba. Amma hafsan nan da ya ƙi tsayar da harin, wanda ka rantse ɗan Ingila ne don yana magana ta hanci, ɗan Ostireliya ne. John Antill sunansa, a fim aka raɗa masa Robinson. Bakin tekun da ka ce ka gane Turkiyya ce, kai da ko Legas ba ka sani ba, kusa da Port Lincoln aka ɗauka, a can gida Ostireliya.

Hujjarka ta sanin yaƙi wai a Zariya ake horar da kuratan soja. To, kusa da masallaci ba ya sa mutum ya zama liman. Barikin naku ma Chindit ake ce masa, sunan rundunar da sojojin Najeriya suka shiga dajin Bama tare da ita a 1944. Da aka tambaye ka wannan, sai ka ce shayinka ya huce.

Gobe zan biyo ta Kantin Kwari da yamma. Ka sara mini a gaban jama'a, sannan ka biya kuɗin ƙwai.