Waɗanda Suka Jawo Dokokin Ɗakin Kwamfuta

Ƙofar ɗakin kwamfuta na jami'a ba ta rabo da takarda. An manna ta da salatif, rana ta cinye launinta, an jera haramce-haramce tun daga ɗaya har goma sha wani abu: kada a ci, kada a sha, kada a cire waya daga soket, kada a ba wani kalmar sirri, kada a sauke fim, kada a yi kasuwanci. Ɗalibai na wuce ta ko kallo ba sa yi. Asara suke yi, domin babu kwamitin da ya taɓa zama ya ƙago waɗannan dokoki daga kansa. Kowane layi akwai wanda ya jawo shi. Wani ya aikata, aka riƙe baki, aka kira taro, aka sha lemo, aka ƙara layi. Wanda ya iya karanta takardar nan ya san mutanen da ke ciki tun kafin ya yi sallama.

Dokar soket ta Mai Caji ce. Shi ba karatu ya kawo shi ba. Kwana uku ke nan babu wuta a ɗakunan kwana, kuma ya riga ya gano cewa a duk faɗin makarantar, in ka cire ofishin shugaban jami'a, nan ne kaɗai janareta ke kuka. Jakarsa cike take: wayoyinsa biyu, fawa bank, fitila, wayar abokin ɗakinsa, da wayar wani da shi kansa bai san sunansa ba. Sai ya durƙusa ƙarƙashin tebur, ya laluba, ya zare wadda hannunsa ya fara taɓawa. Can gefe wata baiwar Allah da ke buga babi na uku na furojet ɗinta tun hantsi, ba ta adana ko layi ɗaya ba, sai ta ga allo ya yi baƙi ƙirin. Ta saki salati. Shi kuma ya ɗago kai daga ƙarƙashin tebur, ƙura a gwiwa, ya ce, "Ayya, Malama, ashe taki ce? Wallahi na ɗauka ta fanka ce." Ina jin haushinsa, amma ba na iya ɗora masa laifin duka. Wanda ya gina ɗaki mai kwamfuta ɗari ya bar ɗakunan kwana cikin duhu, shi ya aiko da Mai Caji.

Sai Mai Kyauta. An tarbiyyantar da shi a kan cewa rowa abin kunya ce, don haka in ka roƙe shi kalmar sirrinsa sai ya ji kamar ka zage shi da ka tsaya roƙo. "Haba ɗan uwa, wannan ce zan hana ka?" Ba ma sai ka roƙa ba, domin kalmar tasa sunansa ne da shekarar haihuwarsa, in kuwa yana jin ƙyuya, 123456, wadda shekara da shekaru ba ta barin sahun farko a jerin kalmomin sirri da mutanen duniya suka fi amfani da su. Abin da bai taɓa tsayawa ya fahimta ba shi ne na'urar jami'a ba ta san fuska ba. Lamba ta sani. Duk shafin da aka buɗe, duk saƙon da aka aika, tana rubutawa da sunan mai asusun, da rana, da minti. Ya ba abokinsa, abokin ya ba budurwarsa, budurwar ta ba ƙaninta da ko ɗalibi ba ne. Wata uku bayan haka sai ga Mai Kyauta gaban kwamitin ladabtarwa, yana rantsuwa da abin da zai kashe shi cewa ranar da aka aika wa shugaban sashe saƙon zagi yana Funtuwa bikin yayarsa. Gaskiya ya faɗa, har da hotunan biki. Amma takardar da ke gaban kwamiti lambarsa ta nuna, kuma tun 2015 Najeriya na da dokar laifuffukan intanet, wadda wani ɗan kwamitin zai ambata masa cikin natsuwa don ya ga yadda gumi ke karyowa.

Mai Saukewa ya fi kowa kama da ɗalibin kirki. Ba ya magana, ba ya motsi, idonsa na kan allo. A ƙasan allon kuwa, inda ya ɓoye, zango guda na Labarina ne ke sauka, da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa guda huɗu, duk a cikin wata jaka da ya raɗa wa suna "Darasin Lissafi". Intanet ɗin jami'a famfon unguwa ne: kowa ya zo da bokitinsa, shi ya turo kura da jarka goma sha biyu. Saboda shi ne maƙwabcinsa ya share minti ashirin yana kallon wani ɗan zobe na juyawa a allo, yana jiran mujallar bincike guda ɗaya ta buɗe. Kada a ce halin yaranmu ne kawai. A 1999 wani ɗalibin Jami'ar Northeastern da ke Boston, Shawn Fanning, ya fito da Napster, manhajar musayar waƙoƙi, kafin shekara ta zagayo ɗaliban Amurka sun toshe layukan jami'o'insu da sauke kiɗa, har makarantu da dama suka rufe ta. A 2000 mawaƙan Metallica suka kai Napster kotu, suka haɗa da jami'o'in Yale da Indiana da Kudancin Kalifoniya. Namu Mai Saukewar bai taɓa jin wannan labari ba, amma gadon ya riƙe shi da kyau.

Mai Filash kuwa ɗan yawon duniya ne. Filash ɗinsa ya shiga kowane shagon buga takardu na bakin makaranta, ya kwana wurin masu tura waƙa a kasuwa. Da ya soka shi, cutar da ke ciki sai ta ɓoye fayilolin gaske, ta ajiye na bogi masu 'yar kibiya a gindi a madadinsu, duk wanda ya danna ya kwasa ya kai gaba. In an yi masa magana, amsarsa ɗaya ce: "Filash ɗina lafiyarsa lau, kwamfutarku ce ba ta da lafiya."

Mai Ci ba sai an tsaya a kansa ba. A kife allon madannai a girgiza, za a ga ɓawon gyaɗa, yajin awara, da dalilin da ya sa harafi ɗaya ke maƙalewa tun ranar da zoɓo ya zube.

Akwai kuma 'yan biyu da ba sa rabuwa, Mai Mantuwa da Mai Tsintuwa. Na farko ya tashi da gudu don lakcar ƙarfe goma, ya bar imel ɗinsa da Facebook a buɗe. Na biyu ya zauna a kujerar, ya duba hagu ya duba dama, ya ga ai rabo ne. Kafin azahar dangin Mai Mantuwa sun fara bugo waya daga gida suna tambayar yadda aka sa ranar aurensa ba a gaya musu ba.

Ɗan Kasuwa lokacinsa farkon zango ne, sa'ad da sababbin ɗalibai ke yawo da fayil a hammata, ido ya raina fata, shafin rajista ya ƙi buɗewa. Sai ya bayyana da murmushi: "Ƙanina, rajistar kwas ce? Kawo wani abu in yi maka yanzun nan." Kwamfutar ta jami'a, wutar ta jami'a, intanet ɗin ta jami'a, kuɗin nasa. In ka nuna masa layin da ya hana kasuwanci sai ya ce shi taimako yake yi, abin da ake ba shi na ruwa ne. Ƙaninsa na zamani shi ne Mai Haƙa, wanda a 2024 ya kafa sansani kusa da na'urar wayifai yana danna wasan Hamster Kombat har yatsa ya yi kanta, yana lissafin motar da zai saya. Da aka raba kuɗin a watan Satumba na shekarar, da yawa abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba, shi dai ya gode Allah da ba tasa ya ƙona ba. Wannan ma yana da magabaci. A 2014 an kama wani a Harvard yana haƙar kuɗin Dogecoin da babbar kwamfutar binciken jami'ar mai suna Odyssey, aka haramta masa taɓa na'urorin binciken har abada.

Wanda na fi so a cikinsu Injiniya ne. Aji biyu yake, amma da sunan ake kiransa, kuma yana amsawa. Yana sa riga mai hula a tsakiyar zafin Afrilu. Allonsa baƙi ne da koren rubutu, ko da abin da yake yi bai wuce duba kwanan wata ba. Yana rage murya ya gaya wa 'yan mata cewa in ya ga dama cikin minti biyar zai shiga ya gyara sakamakon kowa, tsoron Allah ne kawai ya hana shi, alhali shi kansa kwas biyu ke binsa bashi. Yana da gwanaye biyu da ba ya gajiya da ba da labarinsu. Ɗaya Robert Morris, ɗalibin Cornell da ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta ranar 2 ga Nuwamba 1988, ta durƙusar da kwamfutoci wajen dubu shida, kusan ɗaya bisa goma na intanet ɗin wancan zamani, daga baya kuma ya zama malami a MIT, makarantar da ya bi ta kwamfutarta ya saki abin. Na biyu Mark Zuckerberg, wanda a 2003 ya kwashi hotunan ɗaliban Harvard ba da izini ba ya kafa Facemash, aka gurfanar da shi gaban hukumar ladabtarwa, bayan 'yan watanni ya kafa Facebook. Injiniya ƙarshen labari kawai yake riƙewa. Ba ya faɗin cewa kotu ta kama Morris da laifi, ta ci shi tarar sama da dala dubu goma, ta ɗora masa aikin al'umma na awa 400. Nasa manyan ayyukan kuwa zuwa yau guda biyu ne: ya taɓa juya allon wata kwamfuta ƙasa ta koma sama, kuma ya "fasa" kalmar sirrin wayifai, wadda ke rubuce da biro a jikin teburin mai kula da ɗaki.

Shi kuma mai kula da ɗakin, wanda kowa ke kira Oga, magani biyu ya sani ga kowace cuta: "Kashe ka kunna," in hakan bai yi ba, "Netwok ne." Kwamfutarsa kaɗai ce ta juya wa jama'a baya, abin sauraro na kunnensa, lokaci-lokaci kafaɗunsa na rawa da dariyar da yake dannewa. Ya haddace dokokin tsaf, kuma yana aiki da su gwargwadon fuska: wanda ya gaishe shi da kyau zai iya shiga da ruwan leda, wanda ya wuce bai gaishe shi ba za a tambaye shi katin shaida, da rasit, da dalilin zuwansa.

Mutum ɗaya ne Oga ke miƙe wa tsaye. Farfesa ne, kuma shi ya shugabanci kwamitin da ya sa hannu a kan dokokin. Yakan shigo ne in intanet ɗin ofishinsa ta ƙi, da kofin shayi a hannu, wayarsa na ƙara yana amsawa da cikakkiyar murya. A tashi wani ɗalibi a ba shi kujera. Ya gyara gilashi, ya ɗaga yatsa ɗaya bisa madannai, ya tsaya. Sannan ya waiwaya, ɗaki cike da ɗalibai tamanin, ya ce, "Kai, wane, mece ce ma kalmar tawa?"

Oga daga can gaban ɗaki, da ƙarfi don kada a ce bai ji ba: "Ranka ya daɗe, sunan Hajiya ƙarama ne, sai ka ƙara shekarar da ka zama farfesa."