Zuwa Ga Bawana Na Zazzau, Darakta Murabus

Bazazzagi, ina gajiya? Au, na manta, yanzu ba ka da ita.

Da waya na so in bugo maka, sai aka ce min kwanakin nan da ta yi ƙara kake zabura har kana tuntuɓe da buta. Shi ya sa na rubuto a jarida, tunda na san a duk Tudun Wada kai kaɗai ka rage mai karanta ta daga bangon farko zuwa na ƙarshe, har da sanarwar canjin suna.

To, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ka kama aiki a 1989 kana saurayi mai tarin suma, ga shi ka fito da sanƙo da tabarau biyu. Doka ta ce shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki, wadda ta riga zuwa ita ce mai sallama. Ranar walimarka a Kaduna kana share ƙwalla ka raɗa min cewa da ka sani da koyarwa ka riƙe, tunda dokar 2022 ta kai malaman makaranta shekara 65, farfesoshinku na Samaru kuwa sai sun cika 70. Ka ji Bazazzagi! An ce masa je ka huta, shi kuma yana neman ƙarin wa'adi.

Labarin Litinin ɗinka ta farko bayan ritaya ya iso Kano kafin la'asar. An ce da ka dawo daga sallar asuba ka yi wanka, ka zura shadda mai sitati, ka kafa hula, ka soke biro biyu a aljihu, ja da shuɗi, ka fito zaure ka zauna. Ƙarfe bakwai ta wuce, takwas ta gota. Sai jikanka ya leƙo ya ce, "Kaka, wa kake jira?" Ka ce direba. Yaro ya ce ai direban ya tafi da motar tun ranar Juma'a. Sabo turken wawa. Zanen aro dai ba ya rufe katara, kuma mota da direba da masinjan da ke karɓar jakarka tun daga bakin ƙofa duk na aro ne. Yanzu ka san kuɗin litar mai, abin da mu muka haddace tun da aka cire tallafi a 2023.

Da ofis ya ƙi ka, sai ka buɗe sabo a tsakar gida. Baiwar Allah uwargida ta shekara talatin tana juya cefanen gidan nan ba wanda ya kwana da yunwa, yau ka sayo littafi mai layi ka ce a riƙa shigar da kuɗin daddawa da kuka da barkono. Har rasit ka nema na manja! Mai manjan kasuwar Sabon Gari da rasit? Da 'yar aiki ta fasa tangaran, an ce sai da ka zauna ka rubuta mata takardar tuhuma, ka ba ta awa 24 ta kare kanta. Yarinya ta ƙunsa gyaɗa da ita.

Ka tuna da na zo maka barka, ka ja ni gefe ka ce, "Hajiya ya cika ɓarna, jiya ma ya sayi kifi bai faɗa min ba." Na ce wane Hajiyan? Ka ce matanka. Shekara 35 kana bin Turancin bayin Allah da jan biro kana gyarawa, amma har yau ba ka raba mace da namiji a Hausa ba. Ita kuwa Hajiya, da za mu tafi ta rako maiɗakina har mota tana roƙo: don Allah ku samo masa abin yi, ko gadin rumfa ne.

Sai maganar kuɗin sallama. Tun da dokar fansho ta 2004 ta zo aka riƙa yankar wani abu a albashinka ana tara maka, bayan gyaran 2014 ya koma kashi 8 daga gare ka, kashi 10 daga gwamnati. Da aka ba ka kaso na farko a dunƙule, na ce maka kawo in saro maka atamfa a Kantin Kwari kafin azumi. Ka ce a'a, kai ka yi nazari, ka rubuta tsari mai shafi ashirin, kiwon kaji za ka yi. Ka zuba 'yan tsaki 500 a bayan gida. Tsarin ya faɗi komai, sai abu biyu ya manta: buhun abincin kaji ba ya jiran amincewar darakta kafin ya tashi, kuma kaza ba ta san Asabar da Lahadi ba. Da zafin bazara ya shigo suka fara sheƙewa goma-goma, kai kuma kana tsaye a kansu da littafi kana ɗaukar ƙidaya. Waɗanda suka tsira makwabta sun ce sun yi daɗi a miya. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Ka ga bambancinmu da ku ke nan. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake cin kasuwar Kurmi, ba a taɓa miƙa wa kowa takardar ritaya ba. Mahaifina sai da ya haura tamanin yana zama a bakin rumfa, ido ya yi rauni amma hannu na shafa yadi ya faɗa maka kuɗinsa. Ku kuwa kun riƙe biro kuna yi mana dariya wai ba mu iya Turanci ba. Yau ga biron a aljihu, ba takardar da za a sa wa hannu.

Amma bari in faɗa maka wata gaskiya, ko da yake gaskiya a kunnen Bazazzagi asara ce. Na ga abin da ya fi kajin ci maka rai. Da, ranar Sallah sai an ƙaro tabarmi a ƙofar gidanka, bana kuwa shinkafa ta yi kwantai. Kada ka damu da waɗanda suka daina zuwa, kujerar suke gaisarwa, kuma suna can suna gaishe ta da wani a kai. Dubi waɗanda suka rage: limamin unguwa da ya ba ka ajiyar kuɗin gyaran masallaci don ya san ko kwabo ba zai yi ciwon kai ba, da yaran makwabta da ke kawo maka takardar neman aiki ka gyara musu, da jikan nan da ka fara rakawa Islamiyya yana riƙe da ɗan yatsanka. Ka fito daga ma'aikata ba a bin ka da bincike, kana tafiya kasuwa a ƙasa ba ka sunkuyar da kai. Na san manya da yawa da ba su samu wannan ba. Da tsohuwar zuma ake magani, ko da ta Zazzau ce.

Saboda haka ga umarnin ubangidanka. Ka ajiye littafin cefane, ka bar wa Hajiya madafarta. Ranar Asabar ka shiga mota a tasha, ka biya kuɗinka kamar kowa, in kun wuce Kwanar Ɗangora ka bugo min in turo yaro ya tarye ka. Na tanadar maka benci a rumfata da gurasa mai ƙuli. Aikinka shi ne rubuta sunayen masu cin bashi, da jan biron nan naka, tunda shi kaɗai ne abin da ka iya.

Kuma ka taho da kuɗin sharata na cika-ciki. Shekara uku kana cewa aiki ya yi maka yawa. Bana da me za ka fake?

Naka, ubangidanka na Kano.