Wasiƙa Zuwa Ga ScanDisk, Sarkin Ƙofar Windows 98

Ranka ya daɗe,

Da fatan kana hutawa lafiya a duk inda ake jibge tsofaffin manhajoji, takardar nan ta fito daga hannun wani tsohon mai buga wa mutane takardu a birnin Katsina. Ba lalle ka gane ni ba, don ba ka taɓa ɗaga kai ka dubi fuskar kowa ba. Amma in ka tuna wani ɗan shago mai kwamfuta biyu da fanka ɗaya a wajen Ƙofar Ƙaura, inda kake bayyana sau biyar ko shida a yini, to ni ne mutumin nan da ke dukan tebur yana cewa, "Kai kuma!"

Na naɗa maka sarautar Sarkin Ƙofa ne don aikinka ɗaya da na masu tsaron ƙofofin ganuwarmu a zamanin da: ba a shiga gari sai ta hannunsu. Windows na ciki, mu muna waje da kwastoma a kanmu, kai kuma ka tsaya a tsakani da shuɗin allonka da wancan layi ruwan ɗorawa mai tafiyar hawainiya.

Mu mutanen ɗakin kara ne, shi ya sa na haɗiye maganar nan fiye da shekara ashirin. Yau dai zan faɗe ta. Duk ran da ka fito, da zargi kake buɗe baki. Wai ban kashe kwamfuta ta hanyar da ta dace ba. Wai in ba na son sake ganinka, in riƙa bi ta Start in zaɓi Shut Down. Allah ya ba ka nasara, ni na kashe ta? Ina tsakiyar shafi, yatsuna na kan madannai, sai in ji fanka ta yi shiru, allo ya yi baƙi, maƙwabcina mai walda ya yi salati. Waɗanda suka rubuta maka wannan huɗuba a Redmond ta ƙasar Amurka sun ɗauka kwamfuta ba ta mutuwa sai mai ita ya ga dama. A garinmu masu wuta ne ke da wannan iko, kuma ba su taɓa bin Start ba. Wancan rubutu ruwan goro da ke fitowa a baƙin allo yana cewa yanzu babu laifi a kashe na'ura, sai in yi mako ban sa shi a ido ba.

Na daɗe ina zaton neman fitina kawai kake yi, har ran da wani mai gyara ya kwance mani mataccen faifan ajiya a kan benci. Ciki wasu faya-fayai ne masu sheƙi kamar madubin amarya, da ɗan hannu siriri mai yawo a kansu. Ya ce suna juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, kuma hannun ba ya taɓa su, shawagi yake a kan iska. Sannan ya yi mani bayanin da ya fi na kowane littafi. Ya ce in ɗauki faifan a matsayin unguwar da aka yanka fuloti-fuloti, akwai kuma littafin rajista, wanda kuke kira FAT, mai nuna wane fili ne na wane. In wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, sai a wayi gari an yi gini amma ba a shigar da shi rajista ba. Ko kuma fili ɗaya ya fito da sunan mutum biyu. Da ya kawo nan na ce ya tsaya, na gane. Duk wanda ya taɓa sayen fuloti a bayan gari ya san wannan rikici.

Ashe aikinka ke nan. Windows kan bar wata 'yar alama a faifai idan ta tashi, ta goge ta in an rufe ta cikin mutunci. In an kunna aka tarar alamar na nan, sai a turo ka ka bi rajista gida-gida. Guntayen da ba su da mai su ka tattara su, ka raɗa masu suna FILE0000.CHK, FILE0001.CHK, haka dai. In aka ce ka duba har fuskar faifan, wurin da ya lalace ka buga mashi jan harafin B, kada a sake ajiye kaya a can.

To, laifi tudu ne. Bari in taka nawa a gabanka.

Wata ranar Lahadi cikin hunturun 2002, wata ɗaliba ta zo daga makarantun hanyar Dutsin-Ma da kundin kammala karatunta, washegari za ta miƙa. Mako guda muna bugawa, saura gyaran babi na biyar. Yayanta na waje a kan babur yana ta duba agogo. Wuta ta ɗauke, ta dawo, ka fito. Na danna X, ka kauce. Ta sake ɗaukewa, ka sake fitowa.

"Malam, wai me yake dubawa ne?" in ji ta.

"Lafiyar faifai yake dubawa, ƙanwata."

"To ni lafiyar aikina nake so. Don Allah a wuce shi."

Na wuce ka. Sau uku ina wuce ka a yammacin nan, kai kuwa ko gardama ba ka yi ba. A karo na huɗu na danna kundin, Word ta ce ba ta san wannan magana ba. Na ɗauko ɗan faifan filofi da muka ajiye kwafi, mai cin megabayit 1.44, wanda ya kwana uku a aljihun rigata cikin ƙurar hunturu. Ya yi ƙugi sau biyu ya yi shiru. Yarinyar nan ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi, kuma da ta yi kukan da ya fi mani sauƙi.

Sai a lokacin na sake kunna na'ura na naɗe hannu, na bar ka ka yi aikinka. Ka bi a hankali, kashi goma, kashi talatin, ka tsaya a wani wuri har na fidda rai, sannan ka ƙarasa. Ka bar mani guntaye huɗu. Na buɗe na farko, rubutun aljanu ne zalla, akwatuna da alamomi. Na biyu haka. A cikin na uku, tsakanin tarkace, sai ga babi na biyu da na uku kusan cif, har da kuskuren rubutun da na yi ranar Talata. Sauran muka sake bugawa daga rubutun hannunta da janareta na aro, yayanta na karanto mani, har aka kira asalatu. Kuɗin man ya cinye kuɗin aikin. Sauri ya haifi nawa, kuma ni ne ungozoma.

Tun daga ranar na fara yi maka kallon mutunci. Na bi hanyar Jibiya ba sau ɗaya ba, na ga shingaye iri-iri. Kai kaɗai ne mai shingen da na sani wanda ke duba kaya da gaske, ba ya miƙo hannu, in kuma aka ce ya kauce ya kauce. Aibinka ɗaya, ba ka san mai laifi ba.

Na bincika tarihinka. An haife ka a 1993 tare da MS-DOS 6.2, Windows Me ta shekarar 2000 ce ta ƙarshe da ta ɗauke ka aiki. Da XP ta zo a 2001 sai aka maido da yayanka CHKDSK, wanda ke tare da DOS tun 1981, shi ma da shuɗin allo, sai dai yakan ƙirga daƙiƙa goma ya ba mutum damar gudu. Mu nan ba mu ji labarin ritayarka da wuri ba. Kwamfutocin gwanjo muke saye, don haka ka ci gaba da yi mana aiki shekaru bayan an sallame ka a gida, ba albashi ba fansho.

Yanzu yaran da ke shagunan nan kwamfutar cinya gare su mai batir, ma'adanarta ba ta juyawa ba ta ƙugi. In wuta ta ɗauke ko kai ba sa ɗagawa. Na ba ɗana labarinka, ya tambaye ni ko kai ne SanDisk mai mimorin waya. Na ce a'a, wancan ɗan kasuwa ne, kai ma'aikaci ne.

Buƙatata biyu. Ka yafe mani X ɗin nan da na danna maka, wanda ban san adadinsa ba. Ni ma na yafe maka zargin, da sharaɗin in Allah ya sa aka sake ɗaukar ka aiki, ka gyara huɗubar nan taka kafin ka shigo Katsina. Ka rubuta cewa an ɗauke wuta, sannu, bari in duba.

Naka mai biyayya,
Tsohon mai buga takardu,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.